Kunnuwan Ɗakin Saƙa

Ranar Lahadi

Zuwa ga aminina Na-Baya,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da uwargida da yara da jikoki. Yaya gwiwar nan taka? Mu nan muna nan yadda ka sani. Mai ɗakina tana gaishe ka. Jikin nata da sauƙi, suga ne, yau ya hau gobe ya sauka.

Saƙonka ya iso ta bakin direbanka da ke zuwa ɗaukar yadi a masaƙarmu, wai ka kira ni har ka gaji, na zama babban mutum ba na ɗaga waya. Na yi dariya. Kai da ka ci jarrabawa da leƙen takardata daga bencin baya, yau motocinka ne cike da hanya. Ni da malamai suka laƙaba wa Ƙamus ina yawo tsakanin injina da auduga a gemu. To wane ne babban mutumin? Ka yi haƙuri, akwai dalili, zan zo gare shi. Ka bar ni in ɗan zagaya, don ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Masaƙarmu za ta cika shekara goma a hannun sabon mai ita, ana ta shirin biki. Tun daga bakin ƙofa har zuwa ɗakin rini an rataya ƙyallaye masu rubutu, kowace shekara da abin alfaharinta. Ga shekarar da aka buɗe ɗakin cin abinci. Ga wadda aka sayo motar ma'aikata, wadda mu ke turawa duk safiyar da aka yi ruwa. Ga wadda yadinmu ya fara ƙetare iyaka, ga kuma wadda aka kawo sabbin injina masu saurin tsiya. Ni aka kira na gyara musu rubutun, don ilimina bai wuce nan ba a wurinsu. Na duba ƙyallayen kaf, ban ga na shekarar da aka ce in ɗan yi haƙuri a ɗakin saƙa, ina duba aiki, kafin a share mini ofis ba. Har yau ana sharar.

Ƙyalle ɗaya ne ba na yi wa dariya, na katin asibitin ma'aikata. Da katin nan mai ɗakina ke karɓar allurarta, da shi ake gwada jininta, da shi take ganin likita. Ka san abin da ciwon nan ke ci. Idan babu katin, albashina ba zai kai mu tsakiyar wata ba. Kuma katin na mai aiki ne. Ranar da ka fita ƙofar nan, ranar yake mutuwa.

To bana, kyautar shekara ta goma, Manaja, wato 'yar mai masaƙar, ta sa an liƙa sanarwa: za a yi wa duk ma'aikatan ɗakin saƙa gwajin kunne kyauta. Yara matasa sun yi murna. Ni kuwa ban yi ba. Ka tuna tsohuwar masaƙa, inda na yi ofis da fanka da masinja, kafin ta durƙushe? Haka aka yi mana. Gwajin ƙirji kyauta, har da lemo aka raba. Ba a jima ba aka sallami duk mai tari. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Na-Baya, ni kurma ne. Ga shi na rubuta.

Ba rana ɗaya ya zo ba. Kukan tsuntsaye ya fara tafiya, sai muryoyin yara, sai rediyo. Tun da aka kawo sabbin injinan nan abin ya ƙarasa. Yanzu idan waya ta yi ƙara, haskenta kawai nake gani. In ga sunanka, in zuba masa ido har ya mutu.

Za ka ce yaya aka yi ba a gane ba. Ba ka taɓa shiga ɗakin saƙa ba. A can babu mai jin kowa, mai kunne da marar kunne ɗaya suke. Da leɓe muke magana, da yatsu, da gira. In zare ya tsinke, yatsu biyu ne. In Manaja ta doso, a shafa haɓa. Mutum yana bayan injina huɗu zai ba ka labarin rigimarsa da surukarsa, ka fahimta tsaf, har ka ba shi shawara. A cikin ɗakin nan ni cikakken mutum ne. A gida kuma mai ɗakina ta sani, sai ta taɓa kafaɗata ta fuskance ni sannan ta yi magana.

Idan injin gwajin nan ya tona ni, za a ce tsoho kurma bai dace da tsakiyar injina ba. Ban damu da kaina ba, duniya ta gama yi mini abin da za ta yi. Katin nake ji. Ka rubuto ta hannun direban. Ka gaida mini kowa da kowa.

Naka har kullum,
Ƙamus


Ranar Juma'a

Aminina Na-Baya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta iyali, ina fata zazzaɓin jikan naka ya sauka. Amsarka ta iso, na gode, ko da yake rubutunka har yanzu kamar kaza ta yi tono. Ka ce in dogara ga Allah in faɗi gaskiya. Mai motoci ne ke da halin faɗin gaskiya. Mu masu kati sai mu auna ta tukuna.

An yi gwajin. A asibitin ma'aikata an ajiye wani akwati kamar durowar kaya, mai kujera a ciki da taga ta gilashi. Ana sa ka ciki, a ɗora maka abin rufe kunnuwa, a ba ka maɓalli a hannu. Nas tana zaune a waje da injinta. Duk lokacin da ta aiko da ƙara ka ji, sai ka danna. Ni aka fara kira, wai girmamawa ce ga babba.

Aka rufe ƙofa. Ban ji komai ba sai kukan gyaren nan da ke zaune a kaina dare da rana. Na riƙe maɓallin kamar wanda aka ba wuƙa ya yanka kansa. Sai na ɗaga ido na dubi yarinyar. Ta san aikinta, ta ɓoye hannunta ƙarƙashin tebur don kada a ga tana dannawa. Amma ba ta san da su wa take ba. Duk sanda ta danna, sai ta ɗago ido ta dube ni, ta ɗan cije leɓenta na ƙasa. Ɗan kaɗan ne, mutumin ofis ba zai taɓa gani ba. Mu kuwa da leɓe muke cin abinci.

Ta cije, na danna. Ta cije, na danna. Da aka buɗe ƙofa tana murmushi, ta ce, "Baba, kunnenka ya fi nawa." Na ce mata gado ne.

Da na koma ɗakin saƙa duk idanu suna kaina. Yawancinsu halinsu ɗaya da nawa, wasu ba su ma sani ba, wasu sun sani suna ɓoyewa kamar ni. Na tsaya a tsakiyar layi, na nuna idona, na cije leɓe, na danna babban yatsa. Kafin a tashi aiki maganar ta zaga ɗakin kaf, ba a furta kalma ɗaya ba. Na kuma ba su labarin gwajin ƙirji. Sun yarda da ni nan take. Suka ce Ƙamus ya yi karatu, ya zauna a ofis, ya san abin da masu ofis ke ƙullawa. Rabon da wani ya girmama karatuna haka har na manta. Ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗi.

Kowa ya shiga ya fito da kunnen zomo, sai mutum ɗaya. Akwai wani masaƙi da muke kira Mai Tabarau, mutumin kirki, uban 'ya'ya mata, ƙaramarsu tana da sikila, ita ma a kan katin take. Da ya zauna, abin rufe kunnen ya ƙi zama saboda sandunan tabaran, sai nas ta ce ya cire. Shi kuwa ba tabarau ko giwa ba ya gani. Ya fito ya tsaya gabana ya ce, "Ƙamus, ban ga komai ba balle in ji." Wasu suka yi dariya, sai suka tuna da katin 'yarsa.

Yanzu duk muna masa kallon wanda aka gama yi wa wanka. Ana kawo masa shayi, ana taya shi ɗaura zare. Shi kuma yana aiki kamar zai cinye injin, ko za a tausaya.

Na ɗauka idan na tsallake zan samu barci. Ban samu ba. Duk sanda na hangi nas ɗin sai in ga kamar ta gane. Abinci ba ya wuce mini. Mai ɗakina ta tambaye ni, na ce gyambon ciki ne. Ta dube ni irin kallon da ka sani, ta ce gyambon da ke tashi ranar gwaji sabon samfuri ne. Sakamako sai ranar biki. Ka sa mu a addu'a, ka gaida uwargida.

Naka,
Ƙamus


Ranar Lahadi

Na-Baya,

Ina gaisuwa, ina kuma fata kuna lafiya. Ka yafe mini gajeruwar gaisuwa.

An yi bikin jiya a filin da motocinka ke lodi. Rumfuna, kujeru, manyan baƙi, kowannenmu cikin riga mai tambarin masaƙa. Mutanen ɗakin saƙa muka zauna gefe guda. Manaja ta hau mumbari ta yi dogon jawabi, amma ta manna abin magana a bakinta, ya rufe leɓen gaba ɗaya. Ka ga ɗaki guda na magidanta a zaune, babu wanda ya san abin da ake faɗa. Idan 'yan ofis suka tafa, mu tafa. Idan suka yi dariya, mu washe baki. Mutanen da aka tabbatar kunnensu ya fi na nas.

Sai aka saki wani sabon ƙyalle daga saman bango, wanda ba ni na gyara rubutunsa ba. An rubuta cewa shekara goma ana saƙa, ma'aikaci ɗaya tak ne kunnensa ya taɓu. Baƙi suka miƙe suna tafi. Masu ɗaukar hoto suka yi ta walƙiya.

Aka kira Mai Tabarau. Wani ɗan ofis ne ya zo ya jawo hannunsa. Ya hau yana waiwayenmu kamar ragon da aka saya. Na sunkuyar da kai, na ce shi ke nan, za a ba shi kyautar sallama a gaban jama'a. Manaja ta buɗe wani ɗan akwati, nas ta ɗauko wani abu bai kai ɗan yatsa ba, ta maƙala masa a bayan kunne. Ta yi masa magana. Na ga mutumin nan ya zabura, ya waiga dama ya waiga hagu, ya kama kansa da hannu biyu, sai hawaye. Na'urar ji ce, Na-Baya. Kyauta. Kuma yana nan a kan injinsa, katinsa yana aljihunsa.

Daga baya na tare nas ɗin, na tambaye ta cikin dabara. Ta ce ai dalilin gwajin ke nan. Manaja ta yi zaton rabin ɗakin zai buƙata, ta yi oda da yawa, ga su can a sito za a mayar wa masu sayarwa. Har an fasa sayen sabbin abin toshe kunne masu kyau, tunda gwaji ya nuna na yanzu suna aiki. Ta faɗa tana murna.

Ban gama ba. Aka zo kan waɗanda suka cika shekara goma, aka ba kowa agogon bango mai kiɗa duk awa. Da na karɓi nawa sai Manaja ta riƙe hannuna, ta sauke abin maganar, don haka wannan na ji shi sarai a leɓenta. Ta ce, "Baba, mahaifina ya yi maka alkawarin ofis, mun daɗe muna jin kunyarka. Daga jibi kai ne mai karɓar odar 'yan kasuwa. Mai ilimi muke so, mai kunne garau, don aikin duk na waya ne."

Na ce na gode, ranki ya daɗe. Me zan ce? Abin da na yi shekara goma ina zagin duniya a kansa, ga shi an ɗora mini a tafin hannu, a ranar da ba ni da abin riƙe shi.

Kafin a watse labarin na'urorin ya kai ga mutanenmu. Ka san yadda ake gaba a ɗakin saƙa? Ba zagi, ba harara. Juya fuska kawai ake yi. Idan mutum ya hana ka ganin bakinsa, ya rufe ka a ɗaki ba taga. Na bi ta cikinsu ɗauke da agogona, ƙeya kawai nake gani. A ganinsu na sayar da kunnuwansu na sayi kujera.

Mai ɗakina ta rataya agogon, ta ce yana da daɗin murya. Da na gaya mata zancen ofis, ta ce Allah ya sanya alheri, sannan ta daɗe tana kallona. Ka gaida gida.

Ƙamus


Ranar Alhamis

Aminina,

Gaisuwa da fatan kana lafiya, da iyali baki ɗaya. Na ga takardarka da zumar da ka aiko wa mai ɗakina. Mun gode, amma mai suga ba ta shan zuma. Da ka leƙa takardata ranar da aka koyar da wannan. Ni zan shanye.

Ina rubuto maka daga ofishina. Akwai fanka, akwai labule, akwai kujera mai juyawa. An rubuta muƙamina a ƙofa. Ban taɓa zama wurin da ya fi wannan ban tsoro ba.

A nan mutane suna magana ta ko'ina. Suna magana suna tafiya, suna magana kai a sunkuye, suna magana daga bayanka. Na juya teburina ya fuskanci ƙofa, na ce saboda haske. Akawun da ke kusa da ni yana da gashin baki kamar tsintsiya, ban taɓa sanin abin da ke fitowa ƙarƙashinsa ba. In ya yi magana in gyaɗa kai. Yanzu yana gaya wa mutane wai tsohon nan akwai zurfin ciki.

Wayar kuwa tana nan a kan tebur kamar kunama. Hannuna na hagu ba ya barin kanta, don in ji motsinta in ta yi ƙara. In na ɗaga sai in ce layin ba kyau, a turo a rubuce. Yawancinsu suna turowa. Amma akwai wani babban ɗan kasuwa, tsoho irina, wanda ba ya rubutu. Shekaranjiya ya kira, Manaja tana tsaye a kaina tana jiran wata takarda. Ba halin in ce layi ba kyau, ga ta tana jin muryarsa tana fitowa rangaɗau. Na manna wayar a mataccen kunne, na ce to. Na ɗan jira, na ce to, madalla. Na sake jira, na ce an gama, ranka ya daɗe. Na ajiye. Manaja ta yi murmushi ta fita.

Na-Baya, ban san abin da na ce an gama ba. Ko launi ya canja, ko ƙari yake so, ko gaisuwa ce kawai. Kayansa sun fita jiya a motarka. Tun daga lokacin duk wanda ya turo ƙofa sai gabana ya faɗi.

Na san dokar gidan nan, ni na gyara rubutunta. Wanda rashin lafiya ta kama, ana duba lamarinsa. Wanda aka kora saboda ya jawo asara ko ya yi ha'inci, ba kati, ba fansho, ba sai anjima. Da na zauna a akwatin nan na riƙe hannuna, da ina cikin na farko. Da wayona da karatuna na ɗauki kaina na kai cikin na biyu. Garin neman gira na rasa ido.

Jiya na bi ta ɗakin saƙa da gangan, wai ina neman samfuri. Ƙasa tana rawa ƙarƙashin ƙafata yadda na saba, har na ji kamar na dawo gida. Babu wanda ya ba ni fuska. Akwai wani yaro matashi da ya yi aure bana, na gan shi yana ɗaura zare, abin toshe kunnensa ya tsufa ya tsage. Nan da 'yan shekaru zai zama ni. Saboda ni aka fasa saya masa sabo.

Allurar mai ɗakina ta kusa ƙarewa, mako mai zuwa ne karɓar wata. Na yi tunanin in jira a karɓa tukuna. Amma motarka ta fi ni sauri. Gobe da safe zan shiga wurin Manaja kafin ɗan kasuwar ya riga ni. Ka ce dama ka faɗa. Faɗi, ka samu rana ɗaya da ka fi ni amsa. Ka yi mana addu'a.

Naka cikin damuwa,
Ƙamus


Ranar Talata

Zuwa ga aminina Na-Baya,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kai da uwargida da yara kuna cikin ƙoshin lafiya. Ka yi haƙuri da shirun da na yi, na san kana jira. Da farko ka ba direbanka haƙuri. Ɗan kasuwar nan cewa ya yi a dakatar da kayan, sitonsa ya cika. Motarka ta kai ta dawo da su a banza.

Na shiga wurin Manaja. Na tsaya na faɗa mata komai, tun daga kukan tsuntsaye har zuwa leɓen nas. Ta sunkuyar da kai tana magana, na ga jijiyar wuyanta tana motsi. Na ce, "Ranki ya daɗe, ɗago kai in ji ki." Ta ɗago. Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta ce hoton ƙyallen nan ya shiga jarida, ta tsaya gaban baƙi ta yi alfahari da ƙarya. Ta ce, "Baba, kwali guda na sayo, na rasa mai sawa. Me ya hana ka tambaye ni?" Na ba ta labarin gwajin ƙirji da lemon da aka raba. Sannan ta ce ita ba tsohuwar masaƙa ba ce. Na ce haka ne, amma ƙofar fita iri ɗaya ce. Ban san abin da ya sa na faɗa ba, bakin nan nawa shi ya hana ni gaba tun ina saurayi.

Ta bar ni kwanaki ban san matsayina ba. Kada Allah ya maimaita mini irinsu. Daga ƙarshe aka cire muƙamina daga ƙofa, aka ba ni takardar gargaɗi, aka ce in koma ɗakin saƙa. Ba a kore ni ba. Katin yana nan. An sauke ƙyallen, an ce masu goge injina su yayyaga shi.

An sake gwajin, wannan karon nas tana bayan labule. Ɗakin ya zube kamar ganye. Na'urorin da za a mayar ba su ma isa ba. Amma tsofaffinmu biyu da ba su da sauran ji ko kaɗan, an ce su je su huta, don ko ƙararrawar gobara ba za su ji ba. An ce za a duba lamarinsu. Ka ga ashe ban yi kuskure gaba ɗaya ba, kuma wallahi ban ji daɗin hakan ba. Ni kunnen dama ya tafi, na hagu akwai ɗan saura. Da wannan sauran na tsira. Wasu har yanzu ƙeya suke ba ni. Mai Tabarau ne ya fara juyo mini fuska, ya ce, "Ƙamus, da ka ari idona ranar nan, da duk mun huta."

Jiya aka maƙala mini tawa na'urar. Ban gaya wa mai ɗakina ba, na ja hula na rufe, ina so in ba ta mamaki. A hanya duniya ta yi mini yawa, ashe haka takalmina ke ƙara. Na shiga gida, agogon nan ya buga, muryarsa kamar ta akuya, ita ce mai ɗakina ta ce wai mai daɗi. Ta fito ta taɓa kafaɗata, ta fuskance ni ta ce sannu da zuwa. Na-Baya, muryarta ta tsufa. Ni muryarta ta da nake ɗauke da ita a kaina duk shekarun nan. Na tambaye ta jiki, ta yi murmushi ta ce lafiya lau, kamar kullum.

Sai ta juya baya za ta ɗauki tukunya. Da ta sunkuya na ji nishi, mai tsawo, daga can ciki. Ta dafe kwiɓinta ta wajen da ba na gani, ta ce a hankali, "Wayyo Allah, yau ma." Ta miƙe, wani nishin. Ta juyo da murmushinta tsaf, ta ce in zauna ta kawo ruwa.

Ashe ita ma ta koyi dabarar ɗakin saƙa. Abin da ba ta so in ji, sai ta juya baya ta faɗa. Ina can ina yaƙin kati, mai katin tana ciwo a gabana.

Na ce, "Tun yaushe?" Ta tsaya cak. Ta matso ta ɗaga hulata, ta taɓa abin da yatsa. Ta ce, "Wa ya ba ka izinin saurare na?" Tana so ta yi dariya, ba ta iya ba. Ta ce tun kafin zancen gwaji, ta ga abin da ke kaina ya ishe ni. Ban yi mata faɗa ba. Da wane bakin?

Gobe da sassafe zan kai ta wurin likita, na nemi izini. Katin yana aljihun rigata, na taɓa shi ya fi a ƙirga. Ban san abin da za a ce ba, kuma tsoro nake ji fiye da na akwatin nan. Amma duk abin da likita zai faɗa, ko ya sunkuyar da kai, zan ji shi.

Tana gaishe ka da uwargida. Ka kira ni gobe da yamma. Zan ɗaga.

Naka har kullum,
Ƙamus